Ilimin tallata haja: Wace takardar shaida ce za ta yi muku rana?

Duk mai leƙa Facebook ko WhatsApp a 'yan shekarun nan ba zai rasa cin karo da sanarwar wani kwas na koyon tallata haja ba. Wannan ya ce mako biyu, wancan ya ce kwana uku, kuma kowannensu yana alkawarin ba da satifiket da wai duniya ta amince da shi. A gefe guda ga jami'o'i da kwalejojin fasaha suna ba da digiri da difloma a fannin. Ga kuma cibiyoyin ƙwararru irin su NIMN ta nan gida da CIM ta Ingila, kowacce da jarrabawarta da kuɗinta. Ɗalibin da ke aji biyu ko aji uku na babbar sakandare, wanda ransa ke son wannan fanni, dole kansa ya ɗaure. Kuɗin da za a kashe na iyayenku ne, shekarun da za a ci kuma naku ne, shi ya sa muka ga ya dace mu baje muku waɗannan takardu a faifai tun kafin ku cike fom ɗin JAMB.

Bari mu fara da sunan fannin, domin a nan ake fara samun matsala da iyaye. A makaranta ana kiran sa Maketin. Idan ɗaliba ta koma gida ta ce za ta karanta "talla", abin da zai faɗo wa mahaifiyarta shi ne yarinya da faranti a kai tana yawo a tasha. Idan kuma ta ce Maketin, sai a tuna da ma'aikatan bankin nan da ake ɗora wa nauyin kawo masu ajiya, suna bin shago-shago cikin rana. Wannan aikin sayarwa ne, reshe ɗaya ne kawai, kuma ba shi ne aka fi koyarwa a aji ba. Ainihin ilimin shi ne sanin wa ke buƙatar kaya, me yake so a cikinsu, nawa zai iya biya, a ina zai same su, kuma ta wace hanya labarinsu zai kai kunnensa. Wani malamin jami'a ɗan Amurka, E. Jerome McCarthy, ya tattara wannan a ginshiƙai huɗu a 1960: haja, farashi, wurin samu da yayatawa. Har yau da su ake buɗe darasin a ko'ina.

Ku ɗauki misalin madarar gari. A da a gwangwani aka fi sanin ta, mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai dai ya kalla ya wuce. A shekarun 1990 kamfanin da ke yin Cowbell ya shigo kasuwar Najeriya da ita a 'yan ƙananan ledoji, wadda mai shayi da mai teburin unguwa za su iya saye su sayar ɗai-ɗai. Wani ne ya zauna ya yi nazarin aljihun talaka, ya gane cewa mutumin da ke samun kuɗinsa kullum-kullum yana kashe su ne kullum-kullum, ba zai tara na gwangwani ba. Yau sabulun gari da tumatir da man shafawa duk sun bi wannan sahu. Wanda ya yi wannan nazari ɗan Maketin ne, kuma babu faranti a kansa.

Takardar makaranta tukuna

Takardun da ake magana a kai ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma mafi yawan asarar kuɗi na faruwa ne idan aka ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya.

Ta farko ita ce takardar makaranta: digiri na shekara huɗu a jami'a, ko ƙaramar difloma ta ND ta shekara biyu a kwalejin fasaha, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma ta HND ta wasu shekara biyu. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma ita ke kula da na kwalejojin fasaha. Digiri ko HND ne ke kai mutum yi wa ƙasa hidima, kuma su ne ake fara tambaya idan ana ɗaukar aikin gwamnati ko na manyan kamfanoni. Babu wani satifiket na ƙwarewa, komai tsadarsa, da zai tsaya a madadinsu a wannan wuri.

Abin da ya shafe ku kai-tsaye yanzu shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Mun san akwai masu gudowa ajin kasuwanci domin tsoron lissafi. To, ku sani Maketin cike yake da shi, sai dai irin lissafin da ɗan kasuwa ke yi ne. A ce wata mai yin zoɓo da kunun aya ta biya Naira 5,000 aka tallata mata a intanet. Mutum 20 suka yi mata magana, 6 suka saya, ribarta a kan kowanne Naira 700. Ta samu Naira 4,200 ke nan, wato ta faɗi da Naira 800. Amma idan uku daga cikin shidan suka dawo suka sake saye sau biyu a wannan wata, an ƙara Naira 4,200, talla ta biya kuɗinta har da riba. Shin ta sake biyan kuɗin tallar ko ta daina? Amsar tana wajen wanda ya rubuta adadin waɗanda suka dawo. Irin wannan tambayar ce za ku riƙa amsawa a wurin aiki, illa dai sifilin da ke bayan lambobin zai ƙaru.

Ba kowace jami'a ce ke da sashen Maketin mai zaman kansa ba. A wasu yana ƙarƙashin sashen nazarin gudanar da kasuwanci ne, sai an yi nisa ɗalibi ya karkata gare shi. Wannan ba aibi ba ne. Hasali ma da yawa daga cikin masu riƙe da sassan tallata haja a kamfanoni wani abu daban suka karanta, kamar tattalin arziki ko aikin jarida ko ma kimiyya, daga baya suka nemi takardar ƙwarewa. Wannan ya kawo mu ga nau'i na biyu, wanda shi ne aka fi ruɗewa a kansa.

NIMN ko CIM?

Takardar ƙwarewa ba makaranta ce ke ba da ita ba, ƙungiyar masu sana'ar ce. Kun san yadda akantoci ke da ICAN da ANAN. To, masu tallata haja a Najeriya suna da NIMN, wato Cibiyar Ƙwararrun Masu Tallata Haja ta Ƙasa, wadda dokar Majalisar Tarayya ta 2003 ta kafa, ta kuma ba ta ikon tsara ƙa'idojin sana'ar da yi wa masu yin ta rajista. Hedikwatarta tana Legas. Tana da matakan zama mamba tun daga na ɗalibi har zuwa na dattawan sana'ar, kuma da Naira ake biyan kuɗinta.

CIM kuwa ta Ingila ce. An kafa ta a 1911, ta samu takardar amincewar masarautar Birtaniya a 1989, kuma tana cikin cibiyoyin fannin da aka fi sani a duniya. Karatunta hawa-hawa ne bisa ma'aunin ilimi na Ingila. Mataki na 3 na masu farawa ne, ba ya buƙatar gogewa. Mataki na 4 yana daidai da zurfin karatun shekarar farko ta jami'a, mataki na 6 yana daidai da zurfin karatun digiri, na 7 kuma na manyan jami'ai ne, daidai da zurfin digiri na biyu. A nan ku buɗe ido sosai. Cewa takarda tana daidai da zurfin digiri ba ya mayar da ita digiri. Wanda ya riƙe mataki na 6 na CIM kaɗai ba zai tafi yi wa ƙasa hidima da shi ba. Wasu masu tallar kwasa-kwasai suna wasa da wannan kalma ta "daidai da", iyaye kuma su ɗauka an samo gajeriyar hanyar digiri daga Turai.

Sai batun kuɗi. Mai karatun CIM yana biya ne ta fuska uku: kuɗin zama mamba, kuɗin kowace jarrabawa, da kuɗin cibiyar da za ta koyar da shi, wadda ya kamata ta kasance cikin jerin waɗanda CIM ta amince da su. Na farko da na biyu da fam ɗin Ingila ake ƙiyasta su. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 wannan lissafi ya canja ƙwarai, har akwai lokacin da fam ɗaya ta haura Naira 2,000 a 2024. Wanda ya fara karatu da wani lissafi yana iya tarar da wani kafin ya kai jarrabawa ta biyu, kuma rabin takarda ba ta da kasuwa.

To wacce ta fi? Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan tambaya ba ta da amsa sai an san inda mutum ya dosa. Mai son aiki da kamfanin da ke da rassa a ƙasashe da yawa, ko mai tunanin aiki a Ingila ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, sunan CIM zai fi saurin buɗe masa ƙofa, domin mai ɗaukar aiki a can ya san ma'anarta. Mai son aiki a cikin gida, a kamfanin abinci ko na sadarwa ko hukumar gwamnati, ko mai niyyar bunƙasa shagon gidansu a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, NIMN ta fi kusa da aljihunsa da kuma dokar ƙasar da yake aiki a cikinta. Akwai masu haɗa biyun, amma a hankali, cikin shekaru.

Dokar gida ba ƙaramin abu ba ce. Harkar tallace-tallace a kafafen yaɗa labarai tana da hukumarta daban, wato ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Ita APCON tun 1988 aka kafa ta. ARCON ce ke yi wa masu sana'ar shirya talla rajista, kuma ita ke duba talla ta amince kafin a fitar da ita. Daga ranar 1 ga Oktoban 2022 ta hana sanya baƙin fuskoki da baƙin muryoyi na ƙasashen waje a tallar da aka shirya domin 'yan Najeriya. A 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta shafi duk mai tara lambobin wayar abokan ciniki yana aika musu saƙo. Littafin da aka rubuta domin kasuwar Landan ba zai koya muku waɗannan ba. Idan kuma abin da ke ranku shi ne zama kakakin wata hukuma ko kamfani, wannan wata sana'a ce mai maƙwabtaka, hulɗa da jama'a, kuma cibiyarta ita ce NIPR.

Abin da muka fi so ku riƙe game da takardar ƙwarewa shi ne lokacinta. An tsara matakanta na sama ne domin wanda ya riga ya fara aiki, wanda idan aka yi maganar rarraba kaya ga diloli ko faɗuwar ciniki a wata jiha, yana da abin da zai tuna. Wanda ya fito daga sakandare jiya zai iya haddace amsa ya ci jarrabawa, amma mai ɗaukar aiki zai gane cikin minti biyar. Sannan jira yana da riba ta kuɗi. Mai digiri a fannin yakan shiga CIM daga mataki na sama ba tare da ya biya na ƙasa ba, kuma akwai kamfanonin da ke ɗaukar nauyin irin wannan karatu ga ma'aikatansu. Wanda ya yi gaggawa ya sa mahaifinsa ya sayar da gona domin abin da wataƙila kamfani zai biya masa bayan shekara shida.

Na intanet, da masu sayar da takarda

Nau'i na uku shi ne gajerun kwasa-kwasan intanet. Kamfanin Google yana da darussan tushen tallata haja ta intanet kyauta, haka ma HubSpot. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana da nasa darussan kyauta, amma jarrabawar samun shaidarsa ta kuɗi ce. Waɗannan suna koya aikin hannu ne: yadda ake saita talla, yadda ake zaɓen waɗanda za su gan ta, yadda ake karanta sakamako. Suna da amfani, kuma su ne kaɗai a cikin nau'o'in uku da za ku iya taɓawa tun yanzu, a lokacin dogon hutu, da izinin iyaye da ɗan kuɗin data. Sai dai ku san nauyinsu. Dubban mutane suna da irin su, kuma suna tsufa da wuri. Shaidar tallace-tallace ta Google Ads, alal misali, shekara ɗaya take yi a sake jarrabawa, domin manhajar kanta tana canjawa.

Abin haushi shi ne wasu suna kwaso waɗannan darussa na kyauta, su kama ɗaki a otal na kwana uku, su karɓi dubban Nairori, su buga satifiket mai zanen zinare da tambarin da suka ƙirƙira. Idan aka tambaye su rajista, sai su nuna takardar CAC. Ku fahimci wannan da kyau: hukumar CAC rajistar kamfani take yi, wato ta shaida cewa akwai wani kasuwanci mai wannan suna. Mai gidan burodi ma yana da ita. Ba ta tantance karatu, ba ta kuma ce satifiket ɗin da wani ya buga yana da daraja ba. Wannan ba ya nufin duk mai koyarwa na kwana uku ɗan damfara ne. Akwai masu ilimin gaske da ke koyar da abin da suka sani, har da Hausa, kuma ana ƙaruwa da su. Ku biya domin ilimin idan ya cancanta, amma kada ku ƙirga takardar a cikin abin da kuka saya.

Matsalar ba ta tsaya a kan ƙananan kwasa-kwasai ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, kuma abin ya shafi har da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Hukumar NUC ma takan fitar da jerin sunayen haramtattun jami'o'i da ke cikin ƙasar nan. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a duba sunan makaranta da sunan kwas ɗin a shafin NUC ko na NBTE, domin makaranta na iya zama halastacciya alhali wani kwas nata bai samu amincewa ba. Idan cibiya ta ce tana koyar da karatun CIM, a nemi sunanta a shafin CIM ɗin. Idan ta ce tana da alaƙa da NIMN, a tuntuɓi NIMN kai-tsaye. Wanda ya fusata domin an ce za a bincika, ya riga ya ba ku amsa.

Akwai wani ɗan aiki da muke so ku yi a wannan zangon karatu, ku kaɗai ko a ƙungiyance tare da malamin da ke ba ku shawara kan sana'a. Ku tattara sanarwar neman ma'aikata guda goma a fannin tallata haja, daga jaridu ko shafukan neman aiki, na irin wuraren da kuke burin yi wa aiki. Ku ja layi a littafi, ku rubuta abin da kowacce ta ce dole ne, da abin da ta ce ƙari ne kawai. Ku ƙirga sau nawa aka ambaci digiri ko HND, sau nawa aka ambaci NIMN ko CIM ko ARCON, sau nawa aka nemi shekarun gogewa. Wannan lissafi na hannunku ya fi duk wata sanarwa da za a turo muku a waya, domin daga bakin masu biyan albashi ya fito.

Gogewar ma ana iya fara tara ta tun yanzu. Kusan kowane gida akwai mai sana'a: ɗinki, turaren wuta, kilishi, sayar da atamfa, cajin waya. Ku nemi izini ku riƙe littafin ciniki na wata uku. Ku rubuta ranar da aka fi saye, kayan da ya fi tafiya, abin da masu saye ke ƙorafi a kai, da abin da ya faru bayan an ƙara farashi ko an sa hoton kaya a WhatsApp. Ku gwada rubuta tallar kaya ɗaya da Hausa da kuma Turanci, ku ga wacce ta fi jawo tambaya. Kada ku raina Hausar nan. Kamfanoni da yawa suna shirya tallarsu ne a Legas da Turanci sannan a fassara, shi ya sa wani lokaci kuke jin talla a rediyo da Hausar da ba mai yin irin ta a kasuwa. Matashin da ya iya rubuta Hausa mai daɗi, ya kuma iya karanta alƙaluma, yana riƙe da abin da ba a samu a kowane ofis ba.

Ga 'yan aji uku masu shirin cike fom: a mafi yawan makarantu ana neman Turanci da lissafi da tattalin arziki da wani darasi ɗaya na ɓangaren kasuwanci ko zamantakewa a jarrabawar JAMB, amma sharuɗɗan sukan bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Ku buɗe kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da za ku zauna, ku duba makarantar da kuka zaɓa da sunanta, kafin mai shagon intanet ya danna muku darussan.